Muryar da ba a rubuta sunanta a faifai ba

Shekarata saba'in da huɗu, kuma ba na bukatar tausayin kowa.

Jiya a tirotiro, ƙaramar motar haya, daga Kokomlemle zuwa Maamobi, direba ya saki tsohuwar waƙar ƙungiyar kiɗan sol da ta cika gidajen rawan Accra a zamaninmu.

Na ce, "Ɗana, wace ce mai waƙar nan?"

Ya ce, "Hajiya, ba wanda ya sani. An ce ta daɗe da rasuwa."

Ni ce. Na hana a buga sunana a faifan don kada mahaifina ya ji kunya a masallaci. Makaɗanmu shida duk sun rasu, ba sauran mai shaidata. Ina kewarsu ƙwarai.

Yau na tara jikokina, na rera musu ita har ƙarshe.