Malamin Jikin Bango

Shekarar da nake koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Sharaɗa, bayan wani kamfanin robobi, mai makarantar ya sayo ƙatuwar talabijin ya kafa a bangon ajina. Alhaji ne ɗan kasuwa, bai taɓa riƙe alli ba. Ya ce daga yau wani Bature na intanet zai riƙa koyarwa, ni kuma in taimaka masa. Yana kallon cikina ya ƙara da cewa shi wannan malamin ba ya zuwa awo, ba ya hutun haihuwa. Na gane karatun. Ga shi kuwa da aikin nan nake riƙe da gida tun da aka rage ma'aikata a masaƙar da maigidana yake.

Gaskiya Baturen ya iya bayani, kuma ba ya gajiya. Aibinsa ɗaya ne. In ya yi tambaya sai ya yi shiru kaɗan, ya kasa kunne, sannan ya washe baki ya ce, "Beri gud!" Nan da nan yaran suka gano lagonsa. Ya ce bakwai sau takwas, su ce, "Ɗanwake!" ya yaba. Wani ya gaya masa kansa kamar ƙwarya, shi ma ya sha yabo. Ni mai cewa an yi kuskure, ni ce na zama muguwa.

Ranar taron iyaye Alhaji ya cika ajin da su. Yawancinsu daga wurin aiki suka taso, wasu da warin fata na majemun Challawa a rigunansu. Aka kunna. Yaran sun natsu saboda idon iyaye, amma amsoshin sai addu'a. Wata yarinya a layin gaba ta miƙe ta ce bakwai sau takwas goma sha biyar ne. Bature ya yaba, iyaye suka tafa, Alhaji har da gyara zaman hula.

Uban yarinyar, wani dattijo ɗan Jigawa, ya matso kusa da ni.

"Malama, 'yar tawa ta ci ko?"

Alhaji yana tsaye a bayana, ina jin ƙamshin turarensa. Na dubi hannuwan dattijon, duk sun tsattsage saboda aikin jima, kuma don yarinyar nan yake yi. Sai na faɗa masa gaskiya.

"Ba ta ci ba, Baba. Wancan ba ya jinta. Ko me ta ce, yabawa zai yi."

Dattijon ya dubi bangon. "To, ya dai fi manajanmu. Namu ba ya ji, kuma ba ya yabo."

Ƙarshen zango Alhaji ya kira ni ofis, ya ce ba sai na dawo ba. Na tambaye shi laifina.

"Ba ki da laifi, Malama," in ji shi. "Ji ne kawai ya yi miki yawa."