Kaset ɗin Kallamu

Duk ɗan Arewan da ya shigo Guangzhou ta ƙasar Sin sayen kaya a wajajen 1997 ya san Kallamu. Ba mu da yawa a lokacin, kuma shi kaɗai ne a cikinmu yake jin yaren mutanen garin sosai. Karatu ya kawo shi, da ya gama bai koma ba. Ya kama ɗaki a titin Huanshi ya zama tafinta. Shi zai taro ka a filin jirgin Baiyun, ya kai ka kasuwa, ya yi maka ciniki, ya tsaya har a ɗaure kayanka. Dogo ne, mai saurin tafiya, ba kasafai yake dariya ba.

Mutumin Mazuga ne, wani ƙauyen masunta da ke bakin tafki a tsakiyar kurmi, inda ko hanyar mota babu. Yakan ce ruwan garau yake, kana cikin kwalekwale kana hango farin yashi a ƙasa. Akwai dorina, akwai tsuntsaye irin su dinya da kirinjijiya, giwan ruwa kuwa sai mutum biyu sun ɗauka. Yana saurayi aka zo aka datse kogin da ke ƙasa da su. Ruwa ya taru ya hau, ya cinye tafkin da kurmin da gidajensu har da maƙabarta. An ce za a yi noman rani, za a kawo wutar lantarki. Ko magudana ɗaya ba a haƙa ba. Aka kwashe mutane aka jibge a kan wani tudu mai tsakuwa, ubansa da bai san komai ba sai kamun kifi da taru da koma ya ƙare da faskaren itace har ya rasu.

Abu ɗaya Kallamu yake nema: a buɗe ƙofofin dam ɗin a sauke ruwan. Duk Juma'a, idan mun taru cin taliya a shagon wasu Musulmin Sin, sai ya tayar da zancen.

"Tafkin yana nan a ƙasa," in ji shi. "Danne shi aka yi. A rage ruwan nan ku gani idan bai fito ba. Dam ɗin wa ya amfana? Ku faɗa mini mutum ɗaya!"

Mu kuwa hankalinmu na kan kwali da kuɗin jirgi. Wasu su yi dariya, wasu su ce ya bar wa Allah. Suka laƙaba masa Sarkin Tafki.

A 1998 Alhaji Isufu, babban mai sayar da rediyo a Kano, ya zo kamar yadda ya saba. Suna cikin tasi yake ba Kallamu labari, cikin fara'a, cewa yayansa ya sami kwangilar ƙara wa bangon dam ɗin tsawo. Bai ma san tafintan nasa ɗan can ba ne. Kallamu ne ya ba ni wannan labarin daga baya.

Washegari ya sayo kaset marasa komai kwali guda. Ya zauna a ɗakinsa ya ɗauki muryarsa. Ya fara da sunansa da na ubansa, ya faɗi yadda tafkin yake, ya faɗi alkawuran da aka yi aka karya, sannan ya ce idan aka ƙara bangon, tudun da aka zuba mutanen Mazuga ma zai nutse. Ya kira mutane su tashi su nemi a buɗe ƙofofin. Tun da shi ke duba kayan Alhaji kafin a rufe, duk rediyo mai cin kaset da ta bi ta hannunsa sai ya saka mata guda.

Rediyoyin suka shiga kasuwannin ƙauye. Mutum ya saya, ya sa batir, ya danna, sai ya ji Kallamu. Aka yi ta kwafa ana ba juna. Mutanen Mazuga, da tsofaffi da mata, suka yi dafifi zuwa bakin dam suka zauna, ƙanen Kallamu, Alhasan, na gaba. Maimakon a saurare su, sai aka turo masu kulake. Aka tafi da Alhasan, ya yi watanni a tsare, ya fito kunnensa ɗaya ba ya ji.

Da Alhaji Isufu ya dawo, a ɗakin ajiyar kaya ya ritsa Kallamu, ina wurin.

"Kai yaro, ka ci amanata! Kayana ka mayar gidan rediyonka?"

"Na saka, Alhaji, kuma ban ɓoye ba. Da sunana na fara."

"Ka san abin da ka jawo wa yayana?"

"Ka san abin da aka jawo wa ubana? Kabarin kakata yana ƙarƙashin ruwa. Ba kwa shan ruwan, ba kwa noma da shi, to me kuke tarawa? Kwangila kawai! Ƙanena an kurmantar da shi don ya zauna a ƙasar gadonsa, kai kana maganar kwali."

Alhaji ya ɗaga hannu zai mare shi, ma'aikatan wurin suka shiga tsakani. A ranar ya zagaya masaukin 'yan kasuwa ɗaki ɗaki yana cewa duk wanda ya ɗauki Kallamu aiki ya sallame shi. Kuma suka bi. Mutanen da Kallamu ya ceta daga 'yan damfara, waɗanda ya kai asibiti, suka koma suna kauce masa a hanya. Ni na ci gaba da aiki da shi, amma kayana ba su kai su riƙe mutum ba. Ya koma dako a wani shagon yadi a unguwar Guangyuan, shi da digirinsa.

Bangon dai ba a ƙara ba. Aka ce an dakatar da aikin, bayan an riga an biya ɗan kwangilar. Ƙofofin ma ba a buɗe ba. Wasu suka je yi wa Kallamu murna, ya kore su.

"Murnar me? Sun ci, sun tsaya. Mu me muka samu?"

A ƙarshen 1999 ya sayar da 'yan kayan ɗakinsa ya koma gida. Ya haɗa masuntan da suka rage suka shigar da ƙara. Aka yi ta ɗage zaman, aka sauya alƙali, aka sake ɗagewa. Shi kuwa duk ranar zama sai ya ɗauko hayar babbar mota ya cika ta da tsofaffin Mazuga, su tsaya a harabar kotun cikin rana har a fito a ce musu su dawo wani watan.