Bindigar Kawu da Ɗakin Ɗinkin Inna

Bari in ba ku labarin kawuna. Shekara talatin da biyu yana gyaran agogo, har waya ta zo ta kashe masa kasuwa. Wani in ya ajiye aiki kiwon kaji yake kamawa. Shi kuwa cewa ya yi bindiga zai ƙera, irin ta mutanen da, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, dutsen ƙanƙara ya ƙyasta mata wuta. Kuma fa ba maharbi ba ne. Mutumin da ko kaza sai maƙwabci ya yanka masa! Aikin hannun kawai yake so.

Takardar izini ya samu, wurin aiki ne babu. Sai ya roƙi matarsa, wadda muke kira Inna, aron ɗakin ɗinkinta na wata uku. Aka fitar da kekenta baranda. Wata uku ya zama shekara biyu.

Ƙotar bindigar kaɗai ta ci wata bakwai. Sai ya shafa wa ƙarfen baƙin fitila, ya danna shi cikin itacen, ya ɗaga, ya kankare inda baƙin ya taɓa da 'yar wuƙa, ya sake. Haka zai wuni, abin da ya cire bai cika cokali ba. Baƙin nan har kan matashin kai Inna take tsintarsa.

Ranar da ruwan sama ya jiƙa mata ɗinkin mutane, ta tsaya a ƙofar ɗakin.

"Malam, Asabar a je a gwada abin nan. In ta tashi, ɗaki ya zama naka. In ta ƙi, kekena ya koma wurinsa."

"Ki fara neman rumfa," in ji Kawu.

Asabar da hantsi muka tafi gonar amininsa, wani tsohon maƙeri: ni, Kawu, Inna da mai gonar. Aka jingina tsohon kwano jikin tudun ƙasa.

Ɗurin yana da tsari: albarushi tukuna, sannan ƙyalle da dalma, a tura da sanda. Kawu ya san wannan kamar sunansa. Ya auna albarushi a ɗan ma'auni, yana ta yi mana lacca, sai Inna ta ƙura wa ƙyallen ido.

"Tsaya. Wannan ba daga sabon yadina ka yanko ba?"

Kawu ya ajiye ma'aunin kan kututture don ya samu hannun rantsuwa.

"Wallahi gefe-gefe ne, inda ba ya shiga ɗinki!"

"Gefen ne har da fure a jiki?"

Yana kare kansa yana tura dalma, har ta zauna daram. Ya zuba ɗan albarushi a ɗan kaskon da ke gefen bindigar, ya saita kwano, ya ja kunama. Dutse ya ƙyasta, kasko ya yi fuu, bindiga ta yi shiru. Ya sake. Shiru. Na uku ma haka.

Maƙeri ya ɗago ma'aunin daga kan kututture, cike fal.

"Mai agogo, wannan fa? Na baƙi ka ajiye?"

Ban taɓa ganin fuskar Kawu ta faɗi haka ba. Dalma ta toshe ciki, babu komai bayanta. Maƙeri ya ce dabara ɗaya ce, a tura albarushi kaɗan-kaɗan ta ɗan ramin da wuta ke shiga. Kawu ya gwada, duk yana zubewa.

Inna ta yi tsaki, ta zare allura daga bakin mayafinta.

"Ba ni nan. Shekara biyu ba za ta ƙare a kututture ba."

Ta zauna tana turawa ƙwaya-ƙwaya, ta miƙa masa. Ya ja. Bindiga ta ce tuf, kamar an buɗe kwalba. Dalma ta fito, ta faɗi taku huɗu gabansa, ta ɗan gangara.

"Ta tashi!" in ji Kawu. "Ku shaida, ta tashi!"

"Tari dai ta yi," in ji maƙeri.

Duk muka juya wurin Inna. Ta mayar da allurarta a hankali.

"Rabin tashi ta yi, rabin ɗaki za ka samu. Kuma wajen taga nawa ne."

"Haba, ai hasken nake..."

Ta nuna masa dalmar a ƙasa da haɓa. Kawu ya dube ta, ya dubi kwanon da ko ƙura ba ta taɓa shi ba.

"Dama hasken tagar nan yana damun idona," ya ce.