Barmo Ya Tafi Bakin Teku Bai Tafi Da Ni Ba

Daga Allah muke, gare Shi kuma komawarmu take. Ranar Talata, sha biyu ga Sha'aban, wato 11 ga Fabrairun 2025, Allah Ya karɓi ran taubashina, ɗan gwaggona, Barmo mai shagon turare a unguwar Tremont ta Bronx. Ya rasu da hantsi a bakin teku can jihar Florida, cikin motarsa mai ɗaki da gado da wurin girki, wadda ya laƙaba wa suna Kunkuru don da gidanta take yawo.

Yaya Barmo, ni ne Tamimu. Na san da kana iya ganin takardar nan cewa za ka yi wani ne ya rubuta mini. To ni na rubuta, kuma akwai maganar da na riƙe maka wadda dole in sauke ta yau.

Kai ka tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan da 'yar shara ta Maraɗi, haƙorana na kaɗawa. Ka cire rigar sanyinka ka yafa mini, ka ce a gaban mutane, "Ga bawana ya iso." Na ce ai bawa ba ya sa rigar ubangidansa. Daga ranar ba mu daina ba. Na taɓa zuba maka yaji a kwalbar shayi. Na taɓa gaya wa wata tsohuwa 'yar Kumasi cewa mata kake nema, ta yi mako tana kawo maka hotuna. Ba ka taɓa yin fushi ba, ramawa kawai kake yi.

Amma ramuwar da ta fi ci mini rai ita ce Kunkuru. Shekara huɗu a jere, da zarar ƙanƙara ta rufe Bronx, sai ka miƙa mini makullin shago ka nufi kudu, kana bin gefen teku gari-gari. Wa kake ɗauka? Abokinka Mutaru. Wai shi ke da lasisin babbar mota kuma yana karanta allon hanya. Ni ina tsaye ina kankare ƙofar shago da shebur, sai waya ta yi ƙara. Ga hotonka a garin Savannah ƙarƙashin itatuwa masu gemu. Ga ka kana nuna kada da yatsa daga nesa, kamar wani jarumi. Ga Mutaru ya naɗe wando yana gasa kifi a kan yashi. Har gadar nan da ba a hango ƙarshenta, ruwa dama ruwa hagu, ka ɗauko mini ita da muryarka: "Tamimu, yaya sanyi?" Wallahi sau biyu ina goge lambarka.

Sai dai ban isa in ɓoye alherinka ba. Shekarar da ƙafafun Malam Alhassan ladan suka riƙe, kai ka ɗauke shi ka ba shi gadon, ka riƙa kwana a kujera, har ya dawo yana taka matakalar masallaci da kansa. Duk garin da ka ji akwai Bahaushe ko ɗaya ne sai ka nemo shi kun ci tuwo. In za ka dawo kuwa, lemo kake cika motar da shi, babu gidan da ba ya samu a layinmu. Nawa kason kullum guda ɗaya ne, mafi ƙanƙanta, ka miƙo mini da hannu biyu.

Ga maganar. Bana ka yi mini alkawarin tafiya, sannan aka rasa mai tsaron shago. Ranar tashi ka bi mutane ɗaya-ɗaya kana neman yafiya, yadda matafiyi ke yi. Kowa ya ce ya yafe. Da ka zo kaina na kawar da kai na ce, "Ban yafe ba, sai ka dawo ka kai ni." Jama'a suka yi dariya, kai ma ka yi. Ni kaɗai na san rabin maganar ba wasa ba ce.

Mutaru ya ce kun yi asuba a kan yashi, ka zauna kana lazimi har rana ta fito daga cikin ruwa, ka ce ƙirjinka ya yi nauyi, ka shiga ka kwanta. Shi ya ji kalmar shahadarka. Shi ya rufe maka ido. Na gode masa, amma Allah Ya sani har wannan ma ina jin kishinsa.

To ka ji, Yaya, kuma duk mai karanta wannan ya zama shaida: na yafe maka duniya da lahira. Ba ka yi mini komai ba sai alheri. Ni ne ke da bukatar taka yafiyar, ga shi babu inda zan same ka in tambaya.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka kabari, Ya sa ka huta a inda babu sanyi babu zafi. Anti Shafa'atu uwargida, yara Nasser da Ikram, da Gwaggo can Maraɗi, Allah Ya ba ku haƙurin da ni ban samu ba tukuna. Amin.