Shigeharu da Matarsa Toyoko

Katanga ɗaya ce ta raba ni da Shigeharu shekara arba'in da wani abu. A masaƙar ulu ya yi aiki nan Ichinomiya ta ƙasar Japan har ƙarfinsa ya ƙare. Ba ya shan giya, ba ya faɗa da kowa, amma kullum kafin ƙarfe goma na safe yana layin gidan pachinko, wato cacar injin ƙwallayen ƙarfe, na bayan tashar jirgin ƙasa, da hularsa mai ruwan toka. Ni kuwa in zan tafi haikali sai in wuce su kaina a ƙasa.

A gidan cacar nan ya samo matarsa Toyoko. A zamaninsu 'yan mata ne ke tsayawa a lungun bayan injinan suna zuba ƙwallayen ƙarfe da hannu, ba a ganin komai nasu sai ido ta saman katako. Shi ya ce in nasa suka ƙare takan zubo masa fiye da rabonsa. Ita ta ce ƙarya yake, hannunta ne ke zamewa. Sun shekara hamsin a kan wannan gardamar.

Da mantuwa ta kama Toyoko sai ta daina gane shi, tana ɗaukarsa mai karanta mitar ruwa. Ko abinci ba ta karɓa, sai in ya dawo daga pachinko da warin taba a riga, yatsunsa sun yi baƙi, riƙe da kwalin alewar madara da ya musanya da ragowar ƙwallayensa. A nan ne take buɗe baki.

Ran da furen itacen ceri ya fara zuba, Shigeharu ya zame a matakala ya gurɗe ƙafa. Kwana biyu Toyoko ba ta sa komai a baki ba. Na sayo irin alewar a kanti, ta shinshina kwalin ta ture.

"Mitsue, 'yar'uwa, taimaki tsoho," in ji shi daga shimfiɗa. "Je ki yi asara a madadina."

Na nuna masa carbina, na ce ni da caca sai dai kallo daga nesa.

"Ai ke ma ƙwallaye kike murzawa kullum. Naki dai an sa musu zare."

Na tafi. Ƙarar wurin kamar kogi ne ya cika ya yi ambaliya, amma da na zauna na murɗa maɓallin, sai komai ya yi mini nisa. Ƙwallayen na gangarowa tsakanin ƙusoshi kamar yayyafi a kan rufin gidanmu na ƙauye, kowane ya ɗan tsaya, ya yi shawara, ya bi tasa hanyar. Na ga fuskar mahaifiyata a gilashin, ashe tawa ce. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Wata tsohuwa a gefena ta taɓo ni ta ce tiren ƙwallayena ya daɗe da zama wayam, kuma injin ba ya son mai yi masa addu'a.

Ko alewa ɗaya ban ciyo ba. A bakin ƙofa na ji wani abu mai sanyi a naɗin hannun rigata, ƙwallo ɗaya. Na san ba a fita da su. Na fita.

Na sa wa Toyoko a tafin hannu. Ta daɗe tana mirgina shi da ɗan yatsa, idonta can wani wuri. Sai ta dubi mutumin da ke kwance, ta rage murya.

"Kai dai ba ka jin magana. In mai gidan pachinkon ya gani, ni za a kora." Ta damƙe hannu. "Shigeharu, ka ci abinci kuwa?"

Ya ce ita yake jira.

Na ɗumamo faten shinkafa na kawo da cokali biyu. Ta ci rabin kwano da hannun hagu, don ta ƙi sakin na daman. Na bar su suna musun wanda ya fi wani ci, na koma gida na kunna turare, na gaya wa marigayi maigidana cewa matarsa ta yi caca da sata a rana ɗaya, kuma gobe ma za ta koma.