Mai Kaɗa Ƙarfen Nkhwazi

Fanuwelo Chapola ba ɗan Nkhwazi ba ne. Aure ya kawo shi, domin a ƙasar Chewa miji ne yake bin mace garinsu, ya noma gonar danginta, ya ci tuwon masara da ladabin baƙo. Ya zo da fartanya da kyakkyawar murya, 'yan Baftis na ƙauyen suka yi masa baftisma a rafi, daga baya suka naɗa shi dikin, wato mai hidimar majami'a.

Majami'arsu tana kan tudu. Manoman farko ne suka gasa tubalinta da hannunsu, har gobe ana ganin sawun yatsu a bango. Tsohon mai gari ya ba da filin da sharaɗi guda: na majami'a ne muddin ƙarfe yana kuka ranar Lahadi. Ƙarfen kuwa tsohon bakin garmar shanu ne da aka rataya a reshen mangwaro.

Dikin na farko ne ya miƙa wa Fanuwelo gudumar kaɗa ƙarfen. Ya ce, "Riƙe mini na Lahadi guda," ya tafi neman aiki a mahaƙar ma'adinai, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Zamani ya juya. Jama'a suka koma bakin titi, inda aka gina sabuwar majami'a mai lasifika. Kan tudu sai tsofaffin mata biyu, dukansu dangin sabon mai gari, Kachere, waɗanda ba za su taɓa gudumar su ɓata masa rai ba. Kachere ƙanin matar Fanuwelo ne, ya daɗe kuma yana auna tudun da ido don shukar taba.

Da matar ta rasu aka binne ta bayan majami'a. Bisa al'ada ya kamata Fanuwelo ya koma garinsu. Bai koma ba. Sannan yanar ido ta fara rufe masa gani.

"Suruki, har yanzu kana nan?" in ji Kachere, duk lokacin da ya wuce. "Kazar da ta kawo ka ta mutu, amma zakara ya ƙi barin akurki."

"Zakaran yana da aikin cara, ranka ya daɗe."

"Yi ta yi. Ranar da ka makara, shanuna suna nan a ɗaure da garma. Zan bar wa yayata kabarinta, sauran kuwa in mai da shi kunyoyin taba."

Bayan girbi 'yarsa Tiyamike, mai ɗinki a Lilongwe, ta zo ta same shi yana lalubar bakin rumbu. Ta ce likita zai cire yanar, amma sai ya zauna a birni wasu makonni.

"Lahadi fa?" ya tambaya.

"Baba, Allah ba kurma ba ne. Ko ba ƙarfe yana ji."

"Ba don Allah ya ji nake kaɗawa ba. Don kawunki ne."

Ta yi dariya, sannan ta dubi rufin majami'ar da gara ta ci, da kabarin uwarta. Ta ce, "To, ba ni gudumar. Garin uwata ne, kawu ba zai iya kora ta ba. In riƙe maka har ka dawo."

Ransa ya yi fari. Ya shiga ɗaki ya ɗauko gudumar, ya fito da ita har ya miƙa hannu. A nan ya ji bakinsa yana shirin furta kalmomin da dikin na farko ya taɓa faɗa masa. Ya tuna shekarunsa, ya tuna cewa ba kowane tsoho ne yake dawowa daga birni ba. Ita kuma ya san halinta: in ta ɗauka, ba za ta ajiye ba.

Ya janye hannunsa.

"Ta yi miki nauyi," ya ce.

"Guduma ce, Baba, ba turmi ba."

"Na ce ta yi miki nauyi. Koma wajen kekenki."

Ta yi roƙo, ta yi fushi, ta haɗa shi da sunan uwarta, bai sauya ba. Kafin ta tafi ya roƙe ta abu guda, ta kuwa yi: ta ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinsa zuwa gindin mangwaron.

Yanzu ba ya bambance mutum da kututture. Ranar Lahadi yakan bi igiyar, ya lalubi ƙarfen, ya kaɗa. Kachere yakan ji daga gida, ya bar shanunsa a turke.