Kofin da na riƙe wa Hayatu shekara biyar

Daga Allah muke, kuma wurinsa kowa zai koma. Ranar Talata sha ɗaya ga Fabrairu 2025, sha biyu ga Sha'aban, ina zaune a ɗakina a Minguettes, unguwarmu a gefen Lyon, bayan azahar, Hajiya Khadidja ta bugo waya daga Paris. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Alhaji Ilya, abokinka ya cika." Mijinta, Malam Hayatu mutumin Garwa ta Kamaru, ya rasu a asibiti yana da shekara sittin da takwas, bayan jinyar wata huɗu.

Ni ban yi lakwal ba, wato boko, kowa ya sani. Ɗiyata Ruwaida ce ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na ce mata ta sa yadda ya fito daga bakina ko da ta ga ya karkace. A zaman makoki an ba mutum biyar magana. Salifou, wani ɗan ƙungiyarmu ta masu jin Hausa a nan, shi kaɗai ya ci rabin awa, shi da bai san Hayatu ba sai da gemunsa ya yi fari. Ni da na san shi shekara talatin da shida, ba wanda ya ce in tashi. Na san dalili. Kowa a ƙungiya ya san na yi kusan shekara bakwai ina gaba da shi. To, ga tawa, a karanta ta ranar addu'ar arba'in, a ji yadda abin ya faru da yadda ya ƙare.

Hayatu, da kai nake yanzu.

Mun haɗu a 1989, a layin sabunta takardun zama a Lyon. Ina riƙe da wata takarda a juye, ka leƙo ta kafaɗata ka ce da Hausa, "Bawan Allah, juya ta, ko kana so ka karanta ta daga ƙafa?" Da ka ji ni Babarbaren Damagaram ne, kai kuwa Bafillace, sai ka ce, "Ashe bawana na tsinta." Na ce bawa shi ne mai cike wa ubangidansa takarda, sai ka cike. Ka cike. Daga ranar nan har shekara ashirin da tara, duk wasiƙar da ta faɗo akwatina kai ke karanta mini ita, ta gidan haya, ta likita, ta wurin aiki. Ina ɗaukar kaya a kasuwar kayan miya, kai kana biro, aikin ofis, a jami'a, amma ba ka taɓa sa ni na ji nauyin miƙa maka takarda ba. Ranar sunan Ruwaida kai ka kama mini ragon.

Aikinka a jami'a shi ne musayar ɗalibai. Jami'ar Lyon ta aika yaranta wata ƙasa su yi shekara, waccan ma ta aiko nata. Ɓangaren Japan ya fi shiga ranka, kai da Madam Cécile mai koyar da harshensu. Ka lura 'ya'yan masu hali ne kawai ke neman tafiya, namu na unguwa ko takardar ba su ɗauka, suna ganin ba don su aka yi ba. Sai ka shiga hawa benayen Minguettes da ƙafarka, har a gidajen da injin hawa ya mutu, kana zama da iyaye kana shan shayinsu. Ɗan wani Bacade ya tafi, 'yar wani Balarabe ta tafi. Ni kaina na raka ka gida biyu, ina taya ka lallashi. Ban san nawa na tafe ba.

Ruwaida tun tana ƙarama take kawo littattafan zane na Japan. Da na ga ana buɗe su daga dama kamar littafin addini, na ce wannan ai abin kirki ne, na bar ta. Da ta shiga jami'a ta ɗauki harshen, na ce ta yi, ai a Lyon take kwana. Sai wata Asabar cikin bazarar 2018 ka zo gidana da babbar riga, ka zauna, ka ce an karɓi Ruwaida a wata jami'a a Nagoya, can Japan, shekara guda.

Na ce, "An karɓe ta? Yaushe aka nema?"

Ka ce, "Wata biyu ke nan da na aika takardunta."

Na ce, "Da sa hannun wa?"

Ka ce, "Ilya, shekararta ashirin da ɗaya. A nan ba a neman hannunka. Bakinka na zo nema."

Na ce ka hau benen kowa kafin ka aika, nawa ne sai bayan ka gama. Ka ce da ka zo tun farko da na hana, lokaci ya wuce, shi ya sa. Gaskiya ka faɗa, da na hana. Amma ni abin da ya tsaya mini, kai ke karanta mini duk sirrin gidana, sai ga takarda ɗaya da ta shafi ɗiyata ta wuce ta hannunka ban ji ba. Na ce ka tashi. Ka sa takalminka ka fita, shayinka ko rabi ba ka sha ba.

Ruwaida ta tafi cikin Satumba. Uwarta Sabuwa ta raka ta filin jirgi, ni na ce ƙafata na ciwo. Daga nan in mun haɗu a masallaci ka yi sallama sai in amsa, don kada liman ya samu abin faɗa, in juya. Wasiƙuna kuwa na koma kai wa maƙwabci, wanda ke karantawa da ƙarfi har matarsa ta ji.

Bayan wata biyu Sabuwa ta nuna mini hoto a wayarta. Ga Ruwaida da kallabinta, ta tanƙwara daga ƙugu, hannu a gwiwa, gaban wani tsoho mai sanƙo. Na ce shi ke nan, ruku'u take yi wa mutum. Na ce a gaya wa Bafillacen nan ya zo ya ga aikinsa. Ka aiko da murya a wayar Sabuwa, kana dariya. Ka ce, "Hajiya, ki tambayi Babarbaren nan, wa ya shekara ashirin yana kukan yaran Faransa ba su iya rusunawa ba? Malaminta ne take gaisarwa, shi ma ya rusuna mata, mai hoton ne bai kama ba." Na ce ta goge. Ba ta goge ba. Na sa ta sake kunna mini ita sau uku a makon nan, wai don in ji iyakar rashin kunyarka.

Da Ruwaida ta dawo cikin Agusta, ta cire takalmi tun a bakin ƙofa ta jera su, ta durƙusa ta gaishe ni. Yarinyar da a da take miƙo mini ruwa da hannu ɗaya tana kallon waya, sai ga ta tana miƙowa da hannu biyu. A bakinta na ji abin da ka yi ban sani ba. Ka rubuta wa tsohuwar da ta sauke ta wasiƙa, Madam Cécile ta fassara, ka bayyana abin da Musulmi ke ci da wanda ba ya ci, har tsohuwar ta sayi sabuwar tukunya don ita kaɗai. Ka nemo mata inda masallaci yake da jirgin da ke kai ta. Da ta yi zazzaɓi cikin sanyi, kai ka bi ta waya har aka kai ta likita, kuma ka hana a gaya mini don kada in ce a dawo da ita. Duk Juma'a kana kiranta, kuma tambayarka ta farko ita ce ko ta kira babanta.

Tsarabarta kofunan shayi biyu ne na ƙasa, kowane a naɗe cikin ƙyalle. Ba su da mariƙi, bakinsu ma bai daidaita ba. Na ce an cuce ta, an sayar mata da waɗanda suka lalace a wuta. Ta ce haka ake yin su, da hannu biyu ake riƙewa. Ta ce ɗaya nawa, ɗaya na Baba Hayatu, kuma ni take so in kai maka. Na karɓa na ce to. Na sa su duka biyun a saman sif, bayan akwatin takardu.

A can suka zauna. Ka ajiye aiki a 2021, kuka koma Belleville a Paris kusa da 'ya'yanku. Ranar da ƙungiya ta yi maka walimar ban kwana ban je ba. Ruwaida ta gama karatu ta samu aikin fassara, abincin gidana ma yanzu rabinsa daga aikin nan yake fitowa, ina ci ina shiru. Duk Sallah sai Sabuwa ta ce, "Alhaji, kayan mutane fa." In ce na ji. Ban manta da kofinka ko rana ɗaya ba. Na kan sauko da shi in ba kowa, in duba ko ya tsage, in mayar.

Cikin Janairun bana aka ce ciwon ya ci ƙarfinka. Na dawo daga sallar asuba na tarar Sabuwa ta ajiye kofin a kan tabarmata, da tikitin jirgin ƙasa a gefensa. Na yi faɗa, na ce ba a sa ni dole a gidana. Ƙarfe tara ina cikin jirgin, kofin a cikin rigata, awa biyu hannuna bai bar kansa ba.

Na same ka ka rame har na kusa wuce gadon. Na shirya magana tun daga Lyon, doguwa, da farkonta da ƙarshenta. Na yi sallama, ka buɗe ido, ka dube ni, ka dubi ƙyallen da ke hannuna.

Ka ce, "Bawana, sai yau ka kawo mini kofina?"

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ka ce, "Ruwaida, tun ranar da ta sauka. Ta ce ta ba ka. Na ce ta bar ka, Babarbare ba ya sauri da kaya."

Na ce da ka aiko an karɓa mana. Ka ce in an karɓo maka, wa zai kawo ni? Duk maganar da na shirya ta watse. Abin da ya fito kawai, na ce, "Hayatu, ka yafe mini." Ka ce ka yafe tun kafin ka gama sauka daga benena ranar nan, kuma ni ma in yafe maka wata biyun da ka ɓoye. Na ce zan duba. Ka yi dariya har tari ya kama ka, Hajiya Khadidja ta ce in za mu kashe juna mu jira likita ya wuce.

Ta zuba maka shayi a ciki, kaɗan. Ka kama da hannu biyu yadda aka ce, amma ya yi maka nauyi. Na ɗora nawa a kan naka muka kai shi bakinka. Ka kurɓa sau biyu. Ka ce, "Ai kuwa ba a cuce ta ba." Na zauna wurinka har la'asar. Kafin in tafi na zaro wata wasiƙar gidan haya da ta zo mini a makon, na miƙa maka. Ka sa tabarau ka karanta mini ita a hankali, har ƙarshe. Cewa suka yi za su gyara injin hawa. Kwana sha tara bayan nan aka bugo mini waya.

Bayan mun dawo daga maƙabarta Hajiya ta naɗe kofin ta ce in tafi da shi. Na ce a'a, ya daɗe a wurina, ya zauna gidan mai shi. Nawa na sauko da shi, a ciki nake shan shayi yanzu.

Yaran da ka aika sun zo jana'iza, na ƙirga sha huɗu, wasu da 'ya'yansu. Madam Cécile ta tsaya daga nesa cikin ruwan sama har aka gama. Iyayen da ke unguwa, in aka zo muku da maganar tafiyar nan, ku saurara kafin ku kori mutum.

Ya Allah, ga bawanka Hayatu ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Duk takardar da ya karanta wa wanda bai iya ba, duk benen da ya hau don ɗan wani, ka sa ya tarar da su a mizani, ka ba shi tasa takardar a hannun dama. Ina miƙa ta'aziyyata da ta Sabuwa ga Hajiya Khadidja, da 'ya'yansa Nazir da Hafsah da nasu 'ya'yan, da dangi na Garwa, da jama'armu ta Lyon da Paris, har da Salifou. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata tamu in ta zo.

Ruwaida ta ajiye rubutun ta shiga ɗaki, na jira ta dawo. Saura layi biyu.

Hayatu, na ce maka zan duba. Na duba, na yafe, duniya da lahira. Amma har gobe ina nan a kan cewa da ka fara hawa benena. Allah ya haɗa mu a Aljanna mu ƙarasa maganar, kai da kofinka, ni da nawa.

Alhaji Ilya ɗan Damagaram
Minguettes, Vénissieux